Kaskon Wuta a Ɗakin Kwana

Idan sanyin hunturu ya sa ka shigar da kaskon garwashi ɗaki, har ka toshe taga da tsumma, fitar da shi kafin barci. Gawayi na fitar da iska marar wari wadda jini ke kamawa fiye da oksijin sau 200. Mutum na numfashi, amma ƙwaƙwalwarsa na shaƙewa. Janareta a zaure ma haka yake.

In 'yan ɗaki suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, kada a ɗora wa maleriya. A fito da kowa waje, a nufi asibitin da ke da oksijin. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa madara ko manja, sarƙewa zai yi.