Dokin Leonardo da Aka Yi Shekara 500 Ana Jira

Wani mai sauraro daga Damagaram ya tambaya ko da gaske ne Leonardo da Vinci, wanda ya zana Mona Lisa, ya fara ƙera wani ƙaton doki bai gama ba.

Gaskiya ne, malam. Mai mulkin Milan a Italiya, Ludovico Sforza, shi ya sa shi ƙera dokin tagulla mai tsayin mita bakwai don tunawa da mahaifinsa. Leonardo ya yi shekaru yana zirga-zirga a bargar dawaki, yana auna ƙafafu da wuya, yana zanawa. A 1493 ya fito da samfurin yumɓu, jama'a suka yi ta mamaki. Sai yaƙi ya taso, aka kwashe tagullar da aka tanada aka ƙera igwa. A 1499 sojojin Faransa suka shiga Milan, maharbansu suka mai da dokin yumɓun abin gwajin kibiya. Wannan asara ce babba.

Bayan ɗaruruwan shekaru, wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke, Charles Dent, ya farfaɗo da aikin, amma ya rasu a 1994 bai gama ba. Wata mai sassaƙa, Nina Akamu, ita ce ta kammala shi, aka kafa dokin a filin sukuwa na San Siro da ke Milan a 1999.