Darasi Na 14: Akwatin Kiɗa Ya Yi Shiru

A ƙauyukanmu samari da yawa suna haɗa akwatin kiɗa da hannunsu. Su sayo fanel, watau ɗan allon nan mai maɓallai da wurin sa memori, su nemi lasifika da batir, su harhaɗa cikin katako ko tsohuwar jarka. Wannan dabara ce mai kyau. Amma ran da akwati ya yi shiru, sai mai shi ya ce fanel ya mutu, ya yar, ya sāke kashe kuɗi. Sau da yawa kuwa fanel lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi.

Mu tuna da mai lambu. In fangali ya bushe ba ya tuge albasa. Rijiya ya ke leƙawa tukuna, sa'an nan ya bi hanyar ruwa ya ga inda ta toshe. Haka mu ma za mu bi sawun wuta.

Da fari mu duba batir, shi ne rijiyarmu. Ƙarfin wuta da volt a ke lissafa shi, alamarsa V. Abin awonsa shi ne mita, irin ta masu gyaran rediyo. Batirin tocila volt 1.5 ne. Ƙwayar batir irin ta cikin fawa bank takan kai 4.2 in ta cika, in ta sauko kusa da 3 sai caji. Batirin babur in ya cika yakan nuna kamar 12.6.

Na biyu mu karanta abin da aka rubuta a jikin fanel. Wani 5V ne, wani 12V. Ga amfanin karatu ke nan. Wani saurayi a ajinmu ya jona fanel mai 5V da batirin babur, nan take hayaƙi ya tashi. Kuɗin gyaɗarsa ya tafi, don bai kula da lamba guda da harafi guda ba.

Na uku mu bi wayoyi. Bisa al'ada jar waya ta alamar + ce, baƙa ta alamar − ce. In aka juya su fanel yana iya ƙonewa. In akwai tsatsa a mahaɗi mu kankare ta. Wayar da aka murɗa da hannu takan saki, gara a like ta da dalma. Mu gwada makunni. In fiyus ya tsinke a sa wani daidai da shi, kada a ɗaura waya a madadinsa.

Akwati kansa yakan faɗi ciwonsa. In kiɗa yana ɗaukewa sa'ad da aka ƙara murya, batir ya raunana, ko kuwa waya ta cika siranta. In yana gunji a caja, amma a batir ba ya yi, to, laifin caja ne.

Sai mu yi hattara da abu biyu. Batirin da ya kumbura ko ya ke zafi ƙwarai a cire shi, kada a huda shi, kada a ƙara yi masa caji, domin yana iya kama wuta a ɗakin kwana. Cikin caja kuma ba wurin sa hannu ba ne, gama wutar gida ta haura volt 200, tana kisa.

Tambayoyi

1. Me za mu fara dubawa in akwati ya yi shiru?
2. Me ya ƙone fanel ɗin saurayin nan?
3. Ina alamar jar waya?

Kowa ya rubuta a allonsa: 5V, 12V, + da −.