Wasiƙa ga Ɗaliban Kwamfuta na Jami'ar Aliero



Na rubuto muku ne kan aikin kammala karatu da kuke kira furojet, kuma ina fata takardar nan ta riske ku tun ba ku zaɓi batu ba. Abin da ya zama ruwan dare a jami'o'in ƙasar nan kun san shi: ɗalibi ya rubuta manhajar rajistar ɗalibai ko ta ajiyar littattafan laburare, irin wadda ɗaruruwa suka riga shi rubutawa, a duba ta rana ɗaya a ba shi maki, a ɗaure takardun a jibge. Ba wanda zai sake kunna ta, har shi mai ita. 

Shawarata ita ce ku fita daga sashenku ku taka zuwa tsangayar aikin gona. Jami'arku, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, tana zaune ne a garin da duk Nijeriya ta san shi da albasa. Ku nemi malamin da ke bincike kan ruɓewar albasa a wurin ajiya, ko kan ruwan ban fadama a bakin Gulbin Zamfara ta wajen Jega, ku tambaye shi yadda yake tattara bayanansa. Sau da yawa za ku tarar da littafin rubutu da takardun tambayoyi da ake kwashe makonni ana kwafewa cikin Excel, kuskure na shiga a kowane shafi. Ga furojet nan a gabanku.

Kada ku raina irin wannan aiki. Manhajar ODK, wadda ma'aikatan lafiya da masu bincike ke cike tambayoyi da ita a waya, a 2008 aka fara ta, kuma ɗaliban Jami'ar Washington ta Amurka ne irin su Yaw Anokwa da Carl Hartung suka ɗauki nauyinta a ƙarƙashin malaminsu Gaetano Borriello. Haka DHIS2, wadda ake shigar da rahoton wata-wata na asibitocin Nijeriya cikinta, a Jami'ar Oslo ta Norway aka gina ta, da hannun ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku, aka fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Dukkansu sun rayu ne saboda akwai mai buƙata da ke jiran su tun kafin a rubuta layin farko.

To, idan malami ya amince, kada ku yi gaggawar buɗe kwamfuta. Ku bi shi gona tukuna. A can za ku ga abin da ba a koyarwa a aji. Manomi ba ya lissafi da kilo, da buhu yake yi, kuma buhun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. Idan manhajarku ba ta da gurbin rubuta wane irin buhu ne, duk lissafin da zai biyo baya ya tashi a banza. A wasu ƙauyukan Maiyama sabis sai an nema, don haka tilas manhajar ta yi aiki ba intanet, ta adana abin da aka shigar har a dawo gari. Wayar mai tattara bayanan ƙarama ce, cajinta ba ya kai la'asar, kuma a tsakar rana rubutu mai launin toka ba ya karantuwa. Sunan ƙauye ɗaya mutum uku za su rubuta shi iri uku, sai kwamfuta ta ƙirga ƙauyuka uku. Ku tanadi jerin sunaye da za a riƙa zaɓa. Ku kuma gwada ɓ da ɗ da ƙ tun da wuri, domin su ne ke fara rikiɗewa su koma alamar tambaya idan aka kwashe bayanai daga wata manhaja zuwa wata.

Wani lokaci za ku gane cewa ODK ko KoboToolbox sun wadatar wajen tattara bayanan. Babu abin kunya a nan. Ku tsara wa malamin fom ɗin a kansu, ƙarfinku ya tafi ga abin da babu: tace bayanan, zana jadawali, fitar da taswirar gonaki.

Idan binciken na lafiya ne, amana ta ƙaru. Sunan majinyaci da lambar wayarsa da cutarsa ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne, ko da don neman taimakon aboki a gyara matsala. Ku gwada manhajar da sunayen ƙirƙira.

Sai batun da aka fi sakaci da shi. Ku za ku gama ku tafi bautar ƙasa, shi kuwa binciken malam zai ci gaba shekaru. Ku ɗora aikin a GitHub, ku rubuta bayanin yadda ake girka shi da sauƙin da malamin gona zai iya bin sa shi kaɗai, sannan ku jawo ɗan aji uku ya riƙa zama kusa da ku domin ya gada. Watannin horon aiki na SIWES ma za su iya tafiya a kan wannan aiki idan sashenku ya yarda.

Kuma ku yi magana da malamin tun farko, cikin ladabi amma a fili, a gaban mai duba furojet ɗinku: me zai karɓa, yaushe, kuma ina sunanku zai fito idan aka buga sakamakon binciken. A rubuta a takarda, kowa ya riƙe kwafi.

Ku gaishe mini da malamanku. Wassalam.

Baffanku, daga Jega.