DARASI A KAN ALAMOMIN CIWON SUKARI DA KE BAYYANA DA DARE

Ya ku ƴan'uwa na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, darasinmu ya shafi ciwon sukari, cutar da kan daɗe a jikin mutum bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ɗauke da ita sun ƙaru daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022.

Asalinta shi ne ƙarancin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka, ko kuwa jiki ya daina amsa masa. Sai sukarin ya taru cikin jini. Idan ya haura kimanin giram 1.8 a lita guda, ƙoda takan zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwa ya fita da shi.

Daga nan alama ta farko ke fitowa, wato yawan tashi fitsari, sau uku ko huɗu kafin asuba. Wani lokaci akan ga tururuwa ta taru a wurin. Haka nan yaron da ya daina fitsarin kwance, sa'an nan ya koma yi yana ramewa, a gaggauta kai shi likita a ranar.

Ta biyu ita ce ƙishirwa da bushewar baki. A watannin Afirilu da Mayu mukan ɗora laifin a kan zafin bazara. To, amma wanda ke tashi zuwa randa ko cikin sanyin hunturu, ya binciki kansa.

Ta uku ita ce zafi, ko tsira kamar ta allura, ko mutuwar tafin ƙafa, wadda kan tsananta idan an kwanta. Sukari ne ke ɓata jijiyoyi. Manomin da ƙafarsa ta mutu yana iya taka ƙaya a gona bai ji ba, rauni ya zama gyambo, har ya kai ga yankewa. Saboda haka mu riƙa duba tsakanin yatsu yayin alwala.

Ta huɗu ta shafi masu shan magani ko allura: gumi mai jiƙa shimfiɗa, makyarkyata, bugun zuciya da munanan mafarkai. Wannan faɗuwar sukari ce ƙasa da giram 0.7. Idan mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi sukari ƙwaya uku a ruwa. Idan ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kai shi likita nan take. Irin waɗannan bayin Allah su shawarci likita kafin azumin Ramadan.

Alama kaɗai ba ta yanke hukunci, awon jini ke tabbatarwa. Akan yi shi da safe kafin a ci kome, kuma idan aka sami giram 1.26 ko fiye har sau biyu, ciwon ya tabbata. Wanda ya ga waɗannan alamomi ya nufi likitar da ke kusa da shi. Mu kuma rage sukarin da muke zubawa a fura, koko da shayi, kuma mata su lura da barcin mazajensu, ƴaƴa su lura da na iyayensu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.