Darasi na 14: Yadda Shuka Ta ke Gane Inuwa

Dukanmu mun san geron da aka bari cunkushe a rami ɗaya. Ya kan yi tsawo da sauri, amma karansa siriri ne. In iskar hadari ta taso sai ya kwanta. Zangarniyarsa kuma ba ta cika mudu. Mun daɗe muna ganin haka a gonakinmu. A wannan darasi za mu koyi dalili.

Shuka ba ta da ido, amma tana gane haske. A shekarar 1880 wani masani na Ingila, Charles Darwin, da ɗansa Francis, suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sun shuka wata ciyawa inda haske ke zuwa ta gefe guda. Tsiron ya karkata wajen hasken. Da suka rufe kan tsiron da 'yar hula, sai ya ƙi karkata. Ashe da kansa ya ke jin haske.

To, shi hasken rana ba launi ɗaya ba ne. Mu dubi bakan gizo bayan ruwa. Akwai shuɗi, da kore, da rawaya, da ja. Duk suna cikin hasken rana. A bayan ja kuma akwai wani launi wanda idon mutum ba ya ganinsa sosai. Mu kira shi ɓoyayyen ja.

Ganye ya kan sha ja da shuɗi, domin da su ya ke haɗa abincin shuka. Ɓoyayyen ja kuwa ba shi da amfani sosai wajen wannan aiki. Saboda haka ganye ya kan bar shi ya wuce, ko kuwa ya mayar da shi gefe. Ke nan a fili, inda rana ke bugawa, ja da ɓoyayyen ja kusan daidai su ke. A ƙarƙashin ganye kuwa ja kaɗan ne, ɓoyayyen ja ya yi yawa. Wannan bambanci shi ne shuka ta ke aunawa.

An gane haka a Amurka, a wata gonar gwaji ta gwamnati a garin Beltsville. A shekarar 1952 Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokan aikinsu suka jiƙa irin latas a cikin duhu. In sun haska masa ja, sai ya tsiro. In sun bi da ɓoyayyen ja, sai ya fasa. Suka yi ta sauyawa, ja, ɓoyayyen ja, ja, ɓoyayyen ja. Kullum hasken ƙarshe shi irin ya ke bi. A shekarar 1959 aka gano abin da ke yin wannan aiki a jikin shuka. Sunansa fitokurom. Kamar ƙyaure ya ke. Ja ya tura shi wannan gefe, ɓoyayyen ja ya mayar da shi wancan.

Yanzu mu shiga cikin jikin shuka. Jikinta 'yan ɗakuna ne ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. A cikin kowane ɗaki akwai umarnin da shuka ta gada daga iyayenta. Ana kiransa ƙwayoyin gado. Kamar littafi ya ke, kuma da haruffa huɗu kaɗai aka rubuta shi duka. Mu da mu ke koyon karatu mun san ba a karanta littafi duka a zama ɗaya. Shafin da ake bukata shi ake buɗewa. Haka shuka ta ke yi.

Akwai shafin da ya ce, a yi tsawo. Akwai kuma waɗansu sinadarai masu buɗe wannan shafi. Muddin shuka tana samun ja sosai, fitokurom ya kan shiga inda littafin ya ke, ya kama masu buɗewa, ya hana su aiki. Sai shuka ta yi girma a hankali, kara ya yi kauri. Amma in ɓoyayyen ja ya yi yawa, fitokurom ya kan sake su. Nan da nan su buɗe shafin. Shuka ta haɗa wani sinadari mai suna oksin, shi kuwa ya sa 'yan ɗakunan kara su miƙe. A wata 'yar ciyawa da masana ke gwaji da ita, an ga oksin ya ƙaru cikin awa ɗaya tak.

Ga abin da ya fi shafarmu. Shuka ba ta jira sai inuwa ta rufe ta. A shekarar 1987 Carlos Ballaré da abokan aikinsa na ƙasar Ajantina suka nuna haka. Ganyen maƙwabciya ya kan mayar da ɓoyayyen ja gefe, ya sauka a jikin tsiron da ke kusa. Tsiron ya gane akwai abokin gasa, sai ya fara tsere tun yana ƙarami.

Wannan tsere dabara ce mai kyau ga ciyawar daji, gama wadda ta fi tsawo ita ke samun rana. Amma ga manomi hasara ce. Ƙarfin da zai tafi saiwa da zangarniya ya tafi kara. Rassan da ke fitowa daga gindi su ragu. Ga kuma rabon ruwa da taki da ake yi tsakanin tsiro da yawa. Mu kuwa hatsi mu ke zubawa a rumbu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Me za mu yi? Na ɗaya, mu rage shuka da wuri, mu bar biyu ko uku masu ƙarfi a rami. Na biyu, kada mu yi jinkirin noman firi. Ciyawa ma ganye gare ta, gero kuwa yana jin ta tun ba ta kai shi tsawo ba. Na uku, in mun sa wake cikin dawa, mu ba da fili yadda rana za ta sauka. Na huɗu, mu kiyaye gawo. Shi ya kan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki.

Gani ya kori ji. Mu sami kasko biyu, mu cika su da ƙasa iri ɗaya. A na farko mu shuka gero ƙwaya 3, a na biyu ƙwaya 30. Mu ajiye su a rana, mu riƙa ba su ruwa. Bayan mako uku mu auna tsawo da kauri da zare. Kowa ya rubuta abin da ya gani a littafinsa, ya karanta wa aji.

Sababbin kalmomi: launi, fitokurom, oksin, ƙwayoyin gado.

Tambayoyi
1. Waɗanne launuka ganye ya ke sha?
2. Me ya sami irin latas da aka haska masa ɓoyayyen ja a ƙarshe?
3. Yaya tsiro ya ke gane akwai wata shuka kusa da shi?
4. Don me za mu rage shuka da wuri?