Araha Ba Ta Ado: Darasi Daga Kifin Ado Na Kantunan Amurka

In an ambaci kifi, hankalin yawancin mutane kan tukunya ya ke komawa. Amma a ƙasashen Turawa, musamman Amurka da Ingila, akwai wani irin kiwon kifi wanda ba don ci a ke yinsa ba, sai don kallo. Su kan ajiye ƙananan kifaye masu launi a cikin akwatin gilashi a tsakiyar ɗaki, kamar yadda wani ya kan ajiye kanari a keji. Wannan sha'awa ta haifi ciniki babba, har manyan kantunan araha, watau irin waɗanda a ke sayar da tufafi da kwanuka da abinci da kayan wasan yara duk a ƙarƙashin rufi ɗaya, su ma su ka sa hannu. Yadda kifin nan ya ke wahala a hannunsu darasi ne ga duk mai kiwo, da kuma duk mai cinikin abu mai rai.

Inda Kifin Ya Ke Fitowa

Kifin da ya fi yawa a kantunan nan shi ne wanda a ke kira kifin zinariya, saboda launinsa ja-ja ne mai ƙyalli. Mutanen Sin ne su ka fara kiwonsa, yau fiye da shekara 1,000. Sai kuma kifin beta, wanda asalinsa na fadamun shinkafa ne a ƙasar Tailan. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsi da asalinsu na kogin Amazon ne. Har kifin kogunan Afirka ta Yamma ya kan shiga ciki, gama gartsa da 'yan'uwan ƙurungu duk a kan same su a akwatunan gilashi na Amurka.

Yawancinsu ba kamo su a ke yi ba. A gonakin kifi a ke hayayyafa su, a jihar Fulorida ta Amurka, da Singafo, da Tailan, da Indunisiya. In za a aika da su sai a hana su abinci kwana ɗaya ko biyu, don kada su ɓata ruwan a hanya. Sa'an nan a zuba su a leda mai ɗan ruwa kaɗan, a hura iskar oksijin, a ɗaure, a jera a kwali a sa a jirgin sama. Su kan yi kwana ɗaya ko biyu a haka. Saboda haka kifin da ya iso kanti a gajiye ya ke, da yunwa, kuma ƙarfinsa na jure cuta ya ragu. A lokacin ne ya fi bukatar hannun wanda ya san aiki.

Abin Da Ya Ke Tararwa a Kanti

To, a nan ne zancen ya ke lalacewa. Ƙa'idar kantin araha ita ce a sayar da kaya da yawa, da riba kaɗan, da ma'aikata kaɗan. Wannan tsari ya dace da sabulu da bokiti, domin sabulu ba ya jin yunwa. Amma kifi yana bukatar mai duba shi safe da yamma. Sau da yawa akawun da a ka ɗora wa sashen kifi shi ne kuma mai jera kaya a waɗansu sassan, ba a koya masa kome game da ruwa ba, kuma ba shi da lokacin da zai tsaya ya lura.

Kowane ɗan kasuwa zai gane lissafin. Ƙaramin kifin zinariya bai kai dala ɗaya ba, ladan ma'aikaci na awa ɗaya kuwa ya fi kuɗin kifi da yawa. Tun da ya ke mutuwar kifin ta fi jinyarsa araha, sai a bar shi ya mutu, a kwashe, a yi odar wani. Ribar ma ba a jikin kifin ta ke ba. Tana jikin akwatin gilashi, da abinci, da tsakuwar ado da mai saye zai haɗa da shi.

Abin da a ka fi kuka da shi huɗu ne: cunkoso, da ruwan da ba a sauyawa, da matattun kifaye da a ke bari tare da masu rai, da kuma kifin beta da a ke jerawa a cikin 'yan kofunan roba.

Ruwa Shi Ne Gona

Abin da ƙasa ta ke ga hatsi, shi ne ruwa ga kifi. A cikinsa ya ke numfashi, a cikinsa ya ke ci, a cikinsa kuma ya ke kashi. Kifi yana fitar da wani guba da a ke kira amoniya, watau abin nan mai yaji da a kan ji a turken da fitsari ya kwana. Ragowar abinci da mataccen kifi su ma amoniya su ke zama in sun ruɓe. A kogi, yawan ruwa shi ke tafiya da ita. A akwatin gilashi kuwa ba ta da wurin zuwa.

Abin da ya ke ceton kifi shi ne waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda su ke zama a jikin matatar ruwa da tsakuwa. Kashi ɗaya daga cikinsu su ke mai da amoniya ta zama naitirait. Wannan ma guba ce, gama tana hana jini ɗaukar iska, har kifi ya shaƙe alhali yana cikin ruwa. Kashi na biyu su ke mai da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da cutarwa sosai, sai an bari ta taru. Ita ce a ke ragewa in an sauya ruwa.

Ƙwayoyin nan ba sa samuwa a yini ɗaya. Sabon akwati ya kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Amma a kanti sai a sayar wa mutum akwati da kifi goma rana ɗaya, ba a gaya masa kome ba. Ya je gida ya cika da ruwan famfo, wanda ya ke da kulorin, maganin nan da a ke sawa don kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa yana ƙona wurin numfashin kifi. Kafin mako biyu kifayen sun ƙare. Ruwan yana nan garau, shi ya sa mai gida ba ya gane dalili. Amoniya ba ta da launi, sai da abin awo a ke gane ta.

Iska ma haka. Ta saman ruwa ta ke shiga, saboda haka tulun gilashi mai ƙaramin baki ya fi kowane mazubi muni. Bugu da ƙari, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Lita ɗaya ta kan riƙe wajen miligiram 9 na oksijin a zafin digiri 20, amma a digiri 30 sai wajen 7 da rabi. In an ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, ba gaisuwa su ke yi ba, iska ce ta gaza.

Yadda Cuta Ta Ke Yaɗuwa

A manyan kantuna da yawa, akwatunan da a ka jera bututu ɗaya ne ya haɗa su, ruwa ɗaya ne ya ke zagawa cikinsu duka. Wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Cutar da ta fi yawa ita ce farin ɗigo, wadda a kan ga kamar an barbaɗa wa kifi gishiri. Wata ƙwaya ce ta ke shiga ƙarƙashin fata ta ci ta ƙoshi, sa'an nan ta faɗo ƙasa ta rarrabu ta zama ɗaruruwa, su fito su nemi wani kifin. Magani ba ya samunta sai a lokacin da ta ke yawo a ruwa, shi ya sa jinyar ta ke ɗaukar kwanaki. 'Yar komar da a ke kamun kifi da ita, in ɗaya ce ga dukan akwatuna, ita ma tana kai cutar gida-gida.

Abin Da Ba a Gaya wa Mai Saye

Mutane da yawa sun ɗauka kifin zinariya ɗan wata biyu ne. Ba haka ba ne. In ya sami kulawa ya kan shekara 10 zuwa 20, kuma ya kan kai tsawon ƙafa guda. Wani da a ke kira Tish, wanda a ka samu a wurin wasa a Ingila a 1956, sai a 1999 ya mutu, yana da shekara 43. Gajeren ransa a tulun gilashi ba halittarsa ba ce, aikin mai riƙonsa ne.

Shi kuma beta, Allah ya yi masa wata gaɓa da ya ke shaƙar iska daga sama, kamar yadda tarwaɗa ta ke yi. Wannan ne ya sa ba ya saurin mutuwa a kofi, har a ka ɗauka kofin ya ishe shi. Alhali kifin ƙasar zafi ne, yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 28, kuma masana su kan ce kada mazauninsa ya gaza lita 20. A kofi, a kanti mai sanyi, cikin kashinsa ya ke kwana. Dalilin raba su shi ne maza biyu ba sa zama wuri ɗaya sai sun yi faɗa, kofi kuwa ya fi akwati araha.

Waɗansu kifayen kuma a kan sayar da su suna kamar ɗan yatsa, ba a faɗi cewa za su kai ƙafa biyu ba. In sun fi ƙarfin akwati sai mai su ya kai tafki ya sake. A 2021 hukumar garin Burnsville, a jihar Minesota, ta roƙi jama'a su daina haka, bayan da a ka kamo manya-manyan kifin zinariya a tafkin garin. Suna tonon laka, suna tumɓuke ciyawar ruwa, suna ɓata wa kifin wurin zama.

Hukuma Da Kasuwa

Dokar kare dabbobi ta gwamnatin tarayyar Amurka, wadda a ka kafa a 1966, ba ta haɗa da kifi ba. A Ingila kuwa dokar 2006 ta haɗa da shi, har ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba dabba. Birnin Roma ya hana ba da kifin zinariya kyauta a wuraren wasa a 2005. Tun a 2003 wata masaniya a Birtaniya, Lynne Sneddon, ta nuna cewa kifi yana da jijiyoyin da su ke jin abin da ya ke cutarwa. Rashin kukansa ba shi ne rashin jin jiki ba.

A 2019 kamfanin Walmart, wanda ya fi kowane girma a cikin masu kantunan araha a Amurka, ya daina sayar da kifi mai rai. Amma cinikin bai tsaya ba, yana nan a manyan kantunan kayan dabbobi, kuma har yanzu a kan ga beta a kofi.

Darasin

Ko kifin ado mutum zai saya, ko 'ya'yan tarwaɗa da karfasa don gona, ƙa'idar ɗaya ce.

1. A shirya ruwa kafin a sayo kifi. In na famfo ne, a sa maganin kulorin.

2. A dubi dukan wurin mai sayarwa, ba kifin da a ke so kaɗai ba. In an ga matacce ko mai farin ɗigo, a haƙura a tafi.

3. A zaɓi mai kuzari, mai cin abinci, wanda ba ya goga jikinsa da bango, kuma cikinsa bai shafe ba.

4. A tambayi mai sayarwa girman da kifin zai kai, da ranar da ya iso. In bai sani ba, ba wurin saye ba ne.

5. In an kawo gida, a ɗora ledar a kan ruwan wajen minti 20 don zafinsu ya daidaita, kuma kada a juye ruwan kanti a ciki.

6. Sabon kifi a keɓe shi mako 2 zuwa 4, da komarsa dabam, kamar yadda makiyayi ba ya haɗa sabuwar saniya da garke ran da ya sayo ta.

7. A fara da kaɗan. Abinci kuma kada ya wuce abin da za su cinye nan take, gama yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi.

8. A akwatin gilashi, a sauya wajen rubu'in ruwan kowane mako. Matatar kuwa a ɗauraye ta da tsohon ruwan, don kada ƙwayoyin nan masu amfani su mutu.

Ga ɗan kasuwa kuma, abu mai rai ba hajar da za a jibge a manta ba ce. Wanda ba shi da mai lura da shi, gara ya tsaya ga sabulu da bokiti. Mai saye kuwa ya tuna cewa kifin da ya saya sau uku saboda biyun farko sun mutu, ya fi na mai tsada tsada. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Allah ya sa albarka a kiwo.