MUHASABAR MALAMIN FIRAMARE: YAU ME YARO YA TAFI DA SHI GIDA?



'Yan uwa, darasinmu na yau na malaman firamare ne da malaman Islamiyya, maza da mata. Amma ina roƙon iyaye ma su karanta, don ɗiyanmu ne a tsakiya.

Duk lokacin da aka ce muhasaba, tunaninmu yakan tafi ga sallah da azumi da tsare harshe. Ba kasafai muke tuna cewa minti 35 ko 40 da malami ke yi gaban yara shi ma aiki ne da za a tambaye shi a kansa ba. Aya ta 18 a Suratul Hashri ta umurci kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe, kuma an ruwaito Sayyidina Umar (RA) yana horon mutane su yi wa kansu hisabi tun kafin a yi musu. Tau malam, aji na cikin wanga hisabi. Albashi kake karɓa a kansa, amana ce kuma iyaye suka danƙa maka.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, cewa idan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zai fito wurin jama'a yakan ɗan tsaya a cikin gida ya yi wata magana a hankali sannan ya fito. Da ya tambaye shi, sai Shehu ya bayyana masa cewa niyya yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi, yana kuma roƙon Allah Ya fahimtar da waɗanda suka halarta abin da zai faɗa.

Ku lura da abu na ƙarshe. Damuwar Shehu ita ce mutane su gane. Shi ya sa ya karantar da jama'a da Fulatanci da Hausa, alhali Larabci na bakinsa. 'Yarsa Nana Asma'u ta bi wannan hanya, ta tsara ilimi cikin waƙoƙi, jajis suka kai shi ƙauyuka ga 'Yan Taru. Ko a zamanin boko, marigayi Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasarsu cikin sauƙi. Dukkansu abu guda suka duba: me ya shiga kan mai koyo?

Yanzu mu dubi halin da muke ciki. Gwajin karatun 'yan ƙananan azuzuwa da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2013 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba su iya karanta kalma ko ɗaya ta Hausa ba, harshen da suke magana da shi a gida. Daga baya aka shigo da littattafan Mu Karanta don magance matsalar. Amma littafi ba ya karantar da kansa. Har gobe iyaye na zuwa mini bayan sallah da kuka iri ɗaya: yaro ya kai aji biyar ko shida, takardar sakamako ta ce ya ci, amma ka miƙa masa takarda ya karanta sai ya sunkuyar da kai.

Ta yaya haka ke faruwa alhali malami na shiga aji kullum? Sau da yawa amshi ne ke ruɗinmu. Malam ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Ya ce kun gane? Su ce eh malam! Nan kuwa yara biyar ne ko shida a gaba suke karantawa, sauran bakinsu kawai suke bi. Haka nan a Islamiyya, yaro zai kawo sura da ka tiryan-tiryan, amma ka nuna masa harafi a tsakiyar shafi bai san shi ba.

Don haka nake ba kowane malami shawara ya samu ɗan littafi na musamman. Bayan an tashi, kafin ya hau babur ko ya shiga hidimar gida, ya amsa tambayoyi 4 a rubuce:

1. Wane abu ɗaya na so yara su iya yau, kuma mene ne shaidata cewa sun iya? Shaida ita ce ka kira yara biyar daga bencin baya, ka ba kowanne kalmar da ba ta kan allo, ko lissafin da ba ku yi tare ba. In uku suka kasa, darasin bai ƙare ba, ko da manhaja ta ce a wuce. Ya tabbata a Bukhari daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) yakan maimaita magana sau uku don a fahimta.

2. Wa na kira yau, wa na manta? Muhammad bin Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 256 bayan Hijira, ya wajabta wa malami a littafinsa Adabul Mu'allimin ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. In mako ya wuce ba ka ambaci sunan yarinyar nan mai shiru ta lungu ba, ko yaron da ke zuwa ba fensir, rubuta sunansu, gobe da su za ka fara.

3. Bulalar da na ɗaga, don gyaran yaro ce ko don huce haushina? Ibn Sahnun ya taƙaita duka ƙwarai, ya hana malami bugu cikin fushi. Ibn Khaldun kuma ya yi bayani a Muƙaddima cewa tsanani kan koya wa yaro ƙarya da yaudara, ya kashe masa himma. Mu'awiya bin Hakam (RA) ya yi magana cikin sallah bisa rashin sani, sai ya shaida cewa bai taɓa ganin malami mai kyan koyarwa kamar Annabi (SAW) ba, don bai daka masa tsawa ba, bai buge shi ba, bai zage shi ba. Hadisin na cikin Muslim.

4. Lokacin yara nawa na ci? Mintin da ya tafi a waya, ko hira a ƙofar aji, ko aiken yaro sayo ƙosai, haƙƙin mutane ne. Minti 10 a ajin yara 80 minti 800 ke nan na rayuwar bayin Allah.

Na san wani malami zai ce: Liman, kai ba ka san aji mai yara ɗari a zafin watan Afrilu ba, ga albashi ba ya kai tsakiyar wata. Wallahi gaskiya ne, kuma hukuma da iyaye kowa na da nasa hisabin. Uban da bai taɓa buɗe littafin ɗansa ba, bai san sunan malaminsa ba, shi ma ya tuhumi kansa. Sai dai Allah ba zai tambaye ka cunkoson aji ba, don ba kai ka jawo shi ba. Abin da ke hannunka za a tambaye ka: niyyarka, shirinka, adalcinka, da harshenka.

Kuma kada muhasaba ta zama zaman baƙin ciki. Kowace amsa a biyo ta da gyara ɗaya na gobe. In bayani bai shiga ba, canza misali: ƙirga da ƙwallon dabino ko murafun kwalba. In yara sun gaji, taƙaita, domin Ibn Mas'ud (RA) ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi don gudun ƙosar da su. In abin ya fi ƙarfinka, roƙi abokin aiki ya zauna bayan ajinka rana ɗaya ya gaya maka abin da ya gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma wani lokaci na waje ke hango tsagewar bango.

Gobe da safe, kafin ka sa ƙafa a aji, ɗan tsaya a ƙofa kamar yadda Shehu ke yi. Sabunta niyya, ka roƙi Allah Ya fahimtar da yaran. Da yamma kuma ka buɗe littafinka ka duba ko sun fahimta.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya sa albarka a albashinsu, Ya shirya mana zuri'a. Wanda ya san wani malami, ya tura masa wannan don Allah.

Wassalamu alaikum.